Katin Zaɓen da Ya Raba Ni da Yaya Isiyaku

Ku uku nake rubuta wa wannan, Sadiya da Bashir da Ummi, kuma ina so kowa ya karanta da kansa, kada wani ya ce ɗan'uwansa ne ya ba shi labari. Kun taso kuna jin ana cewa Baffanku Isiyaku ya ci bashin banki da sunana lokacin da nake aiki a Doha, shi ya sa ya tashi daga gidanmu na Malumfashi ya koma haya a bayan tasha. Ni na fara faɗin wannan magana da bakina, kuma ba gaskiya ba ce. Na sha ɗaura niyyar in tara ku in warware muku, sai in ga idanunku in fasa. Yanzu gwiwa ta fara ƙi, ido ya fara gajiya da ƙananan rubutu, gara in rubuta tun ina iya riƙe biro.

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na tafi ba, kun san labarin gonar da na sayar da ejan ɗin da ya yi ta juya ni a Kano. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da na bari a baya. Ranar da zan tafi na kira Yaya Isiyaku zaure na damƙa masa wata 'yar jakar fata mai abu uku a ciki: katin cirar kuɗi na bankina na gida, da layin wayata da saƙon banki ke shigowa, da katin zaɓena. Biyun farko don in na turo kuɗi ya ciro ya ba mahaifiyarku Hajara. Na ukun kuwa ko tunani ban yi a kansa ba, al'ada ce kawai. A garinmu katin zaɓe ba ya bin mai shi tafiya, a gida ake barinsa, domin ba ranar zaɓe kaɗai yake aiki ba. In an kawo takin gwamnati da shi ake rubuta suna, in ɗan majalisa ya aiko da shinkafar azumi da shi ake ƙirga gidaje, ko gidan sauro za a raba sai an ce a fito da kati. Wanda ya tafi ci-rani da katinsa a aljihu ya tauye wa iyalinsa rabo ke nan. Da wannan katin na buɗe asusun bankin tun farko, don a lokacin ba ni da wata shaida mai hoto sai shi, amma ban taɓa kawowa a raina cewa duk wanda ya riƙe shi ya riƙe sunana ba.

Baffanku direban babbar mota ne, yana ɗaukar hatsi zuwa Kudu ya dawo da manja. Mutum ne da in ka taka shi, shi zai ce ka yi haƙuri. Ni kuwa kun san ni. Kakarku Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce tun ina goye nake neman wanda zan yi faɗa da shi. Gida ɗaya muke, gadon mahaifinmu, shi da iyalinsa a sashen gabas, mu a na yamma. Da kuɗin Doha na cire ginin ƙasa na sa bulo, na yi wa duka sassan biyu rufin kwano, kuma ina faɗa muku gaskiya, tun daga nan na fara jin kamar gidan nawa ne ni kaɗai.

A Doha gadi nake yi a wani dogon ginin ofisoshi a Al Mirqab, awa goma sha biyu a tsaye da baƙin takalmi mai matse yatsu, in an tashi motar kamfani ta kwashe mu zuwa masauki a Al Wukair, mu shida a ɗaki. Ina gab da samun hutuna na farko korona ta sauka. Aka rufe ginin, aka rufe filin jirgi, aka tsare mu a masauki kamar kaji a akurki. Wata na farko aka ba mu rabin albashi, daga nan sai shiru har wata huɗu. In ka tambayi sufabaiza ya ce kafil, wato mai kamfanin da ya ɗauko mu, shi ne bai sa hannu ba, in ka matsa ya ɗaga kafaɗa ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ka je ka kwanta. Abinci dai ana kawowa, ba mu mutu ba. Amma ban faɗa wa kowa a gida ba. Na ji kunya a ce mutumin da ya sa wa gida kwano ya kasa turo kuɗin cefane. In mahaifiyarku ta kira ta ce hatsi ya yi ƙasa, sai in ce mata bankunan nan ne a rufe, gobe ko jibi zan turo. Na yi mata wannan goben har sai da ta daina tambaya, ni kuma na ɗauka ta samu mafita wajen Yaya, na ji daɗi ban bincika ba.

Abubuwa suka dawo daidai, aka biya mu wani abu daga ciki, na ci gaba da turawa. Hutu ne dai bai samu ba, kullum sai a ce ma'aikata sun yi kaɗan. Har shekarar gasar kofin duniya ta zo ina da shekara huɗu ban ga fuskar Hajara ba sai a waya. A wannan shekara garin ya koma wani abu dabam, tutoci ko'ina, aiki ba hutawa, kuɗin ƙarin lokaci na shigowa. Sai labari ya bazu a masauki cewa duk wanda aka saya wa tikitin kallon wasa za a ba shi izinin shiga ƙasar, ba sai da bizar iyali ba, wadda irinmu masu ƙaramin albashi ba ma ko mafarkinta. Na kwana biyu ina lissafi na ga kuɗina zai kai: tikitin wasa, kujerar jirgi, sati biyu. Matsala ɗaya ce, komai ta intanet ake biya, kuma katin albashin da kamfani ya ba mu ba ya aikin komai sai cirar kuɗi a na'ura.

A hawa na shida na ginin da nake gadi akwai wani malamin jami'a daga Zariya, Malam Nuhu, ya zo yin bincike a kan harkar bankuna. Sa'ana ne, mutum mai raha, masallaci ɗaya muke sallar azahar. Shi na kai wa kukana. Ya ce bankin da nake da asusu a gida yana ba masu aiki a ƙasashen waje katin da ake sayayya da shi a biya daga baya, in dai sunan mutum wankakke ne. Muna zaune a inuwar bayan masallaci yana cike mini takardar a wayarsa, sai ya zo wurin da ake neman shaidar da aka buɗe asusu da ita, na ce katin zaɓe ne. Ya yi dariya.

"Kai da sa'a kake, Haladu. Ni lokacin da nake karatu a Ingila sau biyu aka hana ni kati. Ba ni da bashin kowa, ga kuɗi a asusu, amma aka ce a'a. Ashe don sunana ba ya cikin rajistar masu zaɓe ta unguwar ne. Su can da ita banki ke tabbatar da cewa kai ne kai, kuma a gidan da ka ce kake zaune nan kake. Da na je na yi rajista, ba a daɗe ba aka ba ni."

"To ni ai Malam na wuce nan," na ce masa. "Kwana biyu na yi a layi cikin rana kafin a ɗauki hotona. In dai rajista ce ke sa a ba mutum kati, biyu ma ya kamata su ba ni."

Na sa aka ɗauko mini hoton katin daga gida, muka tura, na koma bakin ƙofata ina ta tsara inda zan kai Hajara. Har na yi magana da wani direba ɗan Kumasi da iyalinsa suka tafi gida, ya ce zai ba mu aron ɗakinsa a Al Wukair. Bayan kwana tara, ina hutun cin abinci, waya ta shigo daga bankin. Wata mata ce mai ladabi, ta tabbatar da sunana da na mahaifina, sannan ta ce ba za su iya ba ni katin ba. Na ce me ya faru. Ta ce akwai kundin da duk bankuna ke dubawa kafin su ba mutum kati ko rance, kuma sunana yana ciki a sahun waɗanda suka karɓi rance suka ƙi biya. Na ce mata ta sake dubawa, Haladu suna da yawa. Ta karanto mini lambar katin zaɓena daga farko har ƙarshe, ina bi da ido a hoton da ke wayata, babu ko harafi ɗaya da ya saɓa. Na ture kwanon shinkafata gefe. Ni da ban taɓa cin bashin ko ƙwayar goro ba, ni da nake takawa daga tashar mota don kada in ranci kuɗin tasi, wai ni ne a kundin maciya bashi, kuma shekara biyu ke nan ina ciki ina yawo ban sani ba.

Malam Nuhu ya taimaka aka turo mini cikakken rahoton, shafi uku, ya bugo mini shi a ofishinsu. Wani ƙaramin banki ne ya ba da rancen a cikin shirin rage wa mutane raɗaɗin korona. Kuɗin ya kusa albashina na wata biyu, ya shiga asusuna, an cire shi da katina. Shaidar da aka gabatar katin zaɓe ce. Ina ganin haka kaina ya ɗau zafi, don mutum ɗaya na ba wa jakar nan.

"Ka zauna ka karanta shi duka tukuna," in ji Malam Nuhu. "Ka duba watan da aka karɓa, ka tuna inda kowa yake a lokacin. Irin wannan rancen da yawa ba su san ma rance ba ne."

"Malam, na ga abin da zan gani."

Na linke takardar na cusa a aljihun riga. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da na san kowa yana gida, na kira Yaya na ce ya buɗe murya kowa ya ji. Kuna tsakar gidan a ranar, amma kun yi ƙanƙanta ku riƙe abin da aka ce. Ban yi gaisuwar kirki ba. Na ce an ci amanata, an kai sunana kasuwa, ina nan ina tsayuwar awa goma sha biyu wasu na can suna cin bashi da katina. Na yi ta zubawa babu wanda ya tanka. Shirun ya ƙara tunzura ni, sai na faɗi maganar da har yau nake nadamarta.

"Wallahi tallahi, duk wanda ya yi wannan ba zan sake haɗa rufi da shi ba. Ko uwar 'ya'yana ce sai ta bar gidan nan."

Na ji motsi, kamar wani zai yi magana aka tare shi. Sannan muryar Yaya ta fito a hankali, yadda yake magana kullum.

"Ni ne, Haladu. Ni na kai katin. Ka yi haƙuri."

Ko da na kira da zarginsa a raina, jin ta daga bakinsa ya girgiza ni. Mutumin da ya goya ni zuwa makarantar allo, wanda ya sayar da kekensa ya cika mini kuɗin fasfo. Na tambaye shi me ya yi da kuɗin, ya ce buƙata ce ta taso. Na ce wace buƙata, ya ce ta riga ta wuce. Da ya yi musu ko ya yi faɗa wataƙila da na sauko, amma wannan sanyin nasa sai na ɗauke shi raini. A ranar na ɗauki saƙon murya na minti shida na tura zauren dangi na waya, inda kawunnai da gwaggwanni da surukai suke, na faɗi komai da sunansa. Kafin sati ya zagayo Yaya ya kwashe matarsa da 'ya'yansa biyar daga gidan ubansa ya kama ɗaki biyu a bayan tasha. Dattawa suka kira ni suka ce in janye rantsuwa in yi kaffara, babba ba ya barin gida saboda ƙarami. Na ce ban kore shi ba, shi ya san abin da ya yi.

Maganar zuwan Hajara kuwa Malam Nuhu ne ya rufa asiri. Ya biya komai da katinsa na ba shi kuɗin a hannu, bai sake ce mini komai a kan takardar ba, sai dai na lura ya rage raha da ni. Ranar da ta sauka na karɓi hutun yini na tafi filin jirgin Hamad tun da hantsi. Wurin ya cika da 'yan kallo masu fenti a fuska, ana kaɗa ganguna ana waƙa da harsunan da ban taɓa ji ba. Can na hango ta cikin shuɗin hijabi tana jan akwati, tana raɓe-raɓe. Ta rame fiye da yadda waya ke nunawa. Na yi ta zuba mata surutu a mota, ga jirgin ƙasa marar direba, ga ginin da nake gadi, ga teku, ita kuwa sai "to" da "Allah sarki". Na ce gajiyar hanya ce. Ta kawo mini kilishi da yaji da dakakkiyar kuka, ta dafa mini tuwon da na shekara huɗu ban ci irinsa ba, amma ita ko loma uku ba ta yi ba.

Kwana na huɗu shi ne ranar wasan da aka saya mata tikiti, wasan rana ne, ƙasashen ma ba wanda ya dame mu da su. Na yi wanka na sa sabuwar shadda, na fito na same ta zaune a bakin katifa ba ta ko shafa mai ba. Na ce yalla mana, tashi mu tafi, motar ba ta jiran kowa.

"Baban Sadiya, zauna. Ba zan iya zuwa kallon ƙwallo da wannan abu a cikina ba."

Na zauna a kan akwatinta.

"Ba Yaya ba ne. Ni ce na ba da katin."

Na ji maganar sarai amma ta ƙi shiga. Na ce ta sake faɗa, ta sake. Sannan ta ba ni labarin tiryan-tiryan, idonta a kan tabarma. Ana gab da rufe hanyoyi Yaya ya yi lodi zuwa Kudu, ya bar mata jakar ya ce ko zan turo kuɗi ba ya nan. Dokar hana zirga-zirga ta ritsa da shi can, wata uku yana kwana a ƙarƙashin motarsa. Gida biyu suka dawo wuyanta, ita da matar Yaya da yara takwas. Suka cinye hatsi, suka sayar da akuya, ta sayar da 'yan kunnenta. Ummi, ke kina da shekara uku da 'yan watanni, zazzaɓi ya kama ki har kina sanƙarewa. Ana cikin haka mai haɗa sunaye na mazaɓarmu, wanda ya saba zuwa in za a raba taki, ya bi gida-gida yana cewa gwamnati ta kawo tallafin korona, duk mai katin zaɓe da asusun banki ya kawo a rubuta shi. Duk layinmu aka ba da. Ita ba ta da asusu, sai ta ba da nawa. Da lambobi suka shigo wayar ta karanta masa, kamar yadda kowa ya yi. Bayan sati uku kuɗi ya shigo, ya zo ya karɓi kasonsa, ta kai ki asibiti, ta auno masara buhu biyu ta raba gidan biyu.

"Wallahi babu wanda ya ce mana rance ne. Tallafi aka ce. Da Yaya ya dawo na faɗa mishi, shi ma cewa ya yi Allah ya saka musu da alheri. Ban faɗa maka ba don na ga kamar za ka ji kunya, kana ta cewa gobe. Ni na san ba ka da shi ne, na ji a muryarka."

Na tambaye ta, to ranar Juma'ar fa, me ya hana ta magana.

"Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Da ka kashe wayar ya ce, Hajara, kin ji rantsuwar da ya yi, kuma kin san halinsa. Ni in na fita, ɗan'uwansa nake har gobe, ba mai kankare wannan. Ke in kika fita, yaran nan fa? Ya sa na yi mishi alkawarin ba zan faɗa ba. Na riƙe iya ƙarfina, amma jiya da na ji kana ce wa mai ɗakin nan yayanka ɓarawo ne, na kasa barci."

Rigar aikina tana rataye a ƙusa. Na tashi na zaro takardar daga aljihu, tana nan a linke yadda na cusa ta. A shafi na farko, layi na uku, ga watan da aka karɓi rancen. Watan da Yaya ya kira ni daga Kudu yana cewa sauro zai kashe shi, har na yi masa dariya. Watan da nake kwance a masauki ina ce wa matata gobe. Abin yana aljihuna sati shida, a kan ƙirjina, ban karanta ba. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ban yi kuka ba, amma na kasa ko kallon inda take. A waje motocin 'yan kallo suna wucewa suna busa ƙaho, tikitin yana kan tebur, ba wanda ya sake bi ta kansa.

Sai bayan la'asar na iya kiran Yaya. Yana tasha, ina jin ƙarar injin da 'yan kamasho. Na ce Yaya, Hajara ta faɗa mini. Ya ce bari ya matsa gefe.

"Ba ta kyauta ba, ta yi mini alkawari."

"Yaya, ka yafe mini. Ka koma gida yau. Zan yi kaffara, zan tura wa dangi saƙo yanzun nan in faɗi gaskiya."

"Yafiya na yafe tun a ranar. Kaffara ka yi, wannan tsakaninka da Allah ne. Amma saƙo kada ka tura."

"Saboda me?"

"Ka san mutanenmu. Ni namiji ne, an ce na ci bashi, an gama, gobe ma za a ba ni lodi. Ita in aka ce ta ɗauki katin miji ta kai wa wani namiji a ɓoye ta karɓi kuɗi, ba za a tsaya a nan ba, sai an ƙara abin da ba a yi ba. Wata rana Sadiya za ta isa aure. In ka wanke ni, ita za ka shafa wa. Kuma in na koma gidan yanzu za a tambayi dalili. Ka bar shi yadda yake, Haladu. Sau ɗaya dai ka ji maganata."

Na ji maganarsa. Wannan ita ce shawarar da na yanke, kuma ba zan ce muku daidai na yi ba, don na san akwai son kai a ciki: shirun ya rufa wa mahaifiyarku asiri, amma ni ma ya rufa mini. Na biya bankin, bayan 'yan watanni sunana ya fita daga kundin, har bankin da ya hana ni kati suka kira ni da kansu suna tallarsa, na ce ba na so. Da na dawo gida gaba ɗaya na riƙa zuwa bayan tasha kullum da yamma muna shan shayi da Yaya, mutane suna cewa ka ga Haladu da zuciya mai kyau. Na so in saya masa gida ya ƙi, ya ce za a ce toshiyar baki ce. Shekara tara ya yi a ɗakunan hayar nan har Allah ya karɓi ransa. 'Ya'yansa sun taso ana nuna su, ku kuma kun taso kuna ɗaga musu kai, ina gani ina shiru. Bashir, ranar da ka ce wa ɗansa Kabiru ɗan maci amana har na mare ka, ka ɗauka don ka yi rashin kunya ne. Kaina nake mari.

Mahaifiyarku ce ta ce in rubuta wannan. Ta ce duk kun yi aure, ba abin da ya rage da za a ɓata mata, kuma ba ta so ta je kabari da shi. In kun gama karantawa ku kai wa Kabiru da ƙannensa, ku tsaya a gabansu har su gama.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ranar jana'izar Yaya. An shimfiɗe shi a ƙofar gidan hayar, an yi sahu, liman ya juyo kamar yadda aka saba ya ce duk wanda yake bin mamaci bashi ya faɗa tun kafin a sallace shi. Sai na ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, har sahun gaba ɗaya ni yake kallo. Nan ne wurin faɗa, ga dangi, ga mutanen tasha, ga shi kwance ba zai sake ɗaga wa kowa hannu ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, ba na bin sa komai. Sai na ji sahu ya ɗauka, Allah ya saka maka da alheri, ya yafe wa ɗan'uwansa, haka ake so. Wani dattijo har ya dafa kafaɗata. Liman ya tayar da kabbara na bi, kuma har yau a Malumfashi in ana maganar yafiya tsakanin 'yan'uwa, da sunana ake ba da misali.